'Yar Mai Faci a Utaibiyya

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda 'ya take yi wa mahaifinta, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Daga Makka nake rubuto maka, daga unguwar Utaibiyya, inda aure ya zaunar da ni shekara guda ke nan. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. Na ajiye ta a inda jama'a za su karanta ne domin a ɓoye na yi maka laifi, ba na so neman afuwar ma ya zama a ɓoye.

Baba, na ɓoye sana'arka.

Bayan rasuwarka, ƙanwarka Gwaggo Larai ta ɗauko ni zuwa wajenta a nan. Ranar da dangin mijina suka zo ganina, mahaifiyarsa, wadda kowa yake kira Ummi, ta tambayi abin da kake yi kafin Allah Ya karɓe ka. Gwaggo ta ce harkar kayan motoci kake yi a Funtuwa. Ina zaune kaina a sunkuye, ban ce uffan ba. Da a nan na tsaya da da sauƙi. Bayan biki, da surukinka ya sake tambayata, sai na ƙara wa shagon ƙofa biyu da babban allon suna. Ka san ni da littattafan soyayya. Jaka guda na taho da su, kuma a cikinsu duka ban taɓa cin karo da yarinyar da ubanta yake zama a gindin ceɗiya, da kwanon baƙin ruwa a gabansa, yana yi wa kekuna faci ba.

Alhali a gindin ceɗiyar nan na girma. Duk ranar da babu makaranta ni nake kai maka abinci, in ƙi komawa gida, in zauna a kan tsohuwar taya da littafina. Kakan ce, "Ma'u, in kin gama da attajirin nan na cikin takarda, miƙo mini sholisho." Na zaci karatu kawai nake yi a wurin. Ashe idona yana kan hannunka.

Surukinka a nan Makka aka haife shi. Kakansa ne ya taho daga ƙasar Katsina, bai koma ba. Hausarsa rabi da rabi ce da Larabci, keke ma sikal yake ce masa. Yana aiki a ma'ajiyar wani shagon kayan lantarki a Rusaifa, kuma a hannunsa makulli yake, in bai iso ba kowa a waje yake tsayuwa. Mutum ne mai sanyin hali da son dariya. Da ka gan shi da kun shirya.

Bana aikin Hajji ya faɗo daidai lokacin da ake kaka a gida. Gari ya cika ya batse, aka rufe hanyoyi, motocin alhazai suka yi layi ba a ganin ƙarshensa. Motar da take ɗaukarsa da safe ta kasa shigowa unguwarmu. Rannan sai ga shi da la'asar yana tura wani koren keke da ya saya a hannun wani mutumin Maraɗi mai shirin komawa gida. Ummi ta leƙo daga benenta ta ce, "Jikan Alhaji Tanimu a kan sikal, kamar mai raba burodi!" Ni kuwa na shige ɗaki. Na tsallake ƙasashe na gudo daga keke, ga shi ya biyo ni har ƙofar ɗakina.

Na ɗauka in alhazai sun watse zai jingine shi. Alhazai suka watse, hanyoyi suka buɗe, bai jingine ba. Zafin nan na Makka mai gasa mutum a tsaye ya fara sauka, iskar safe ta yi daɗi, ya ce shi da mota sai dai wata shekarar.

Baba, ban taɓa ganin abu ya canza mutum kamar yadda keken nan ya canza shi ba. Da, in ya dawo aiki, kwanciya yake yi ya danna waya. Yanzu da labari yake shigowa tun daga bakin ƙofa. Wai akwai wani tsoho da yake watsa wa tattabaru hatsi kullum a gefen wani masallaci, in ya zo wucewa sai su tashi gaba ɗaya su bi ta saman kansa. Wai akwai wata gangara da in ya saki feda sai ya ji kamar shekarunsa goma sha biyu, da wani hawan dutse da yake sa shi tuba daga cin shinkafa da yawa. Ya ce shekara talatin yana cikin garin nan, sai bana ya san ƙamshin kowace unguwa. Tumbinsa ya zube. Har waƙa yake yi a banɗaki.

Ni ma na sami nawa rabon. Yakan tsaya wajen masu gasa burodin tamis, ya ɗauro shi a kariya, ya iso mini da ɗuminsa. Da ribbon ɗin gashina yake ɗaure ƙafar wandonsa don kada sarƙa ta ci, ja ne kuwa, kuma ko a jikinsa. In ya shigo lungunmu sai ya kaɗa ƙararrawa sau biyu. Nakan ajiye littafi a tsakiyar shafi, ko da an zo daidai inda saurayi zai faɗi abin da ke ransa, in ruga taga. A littattafaina da ƙarar mota ake gane isowar masoyi. Ban san ƙararrawar keke za ta iya sa zuciyar mace ta buga haka ba.

Sai sanyi ya shigo. Da ka ga abin da mutanen nan suke kira sanyi da ka yi dariya har ka riƙe ciki, kai da kake fita kasuwa da sassafe a sanyin Funtuwa da 'yar riga ɗaya. Nan da iska ta ɗan kaɗa sai ka ga kowa ya naɗe kamar jinjiri. Surukinka ma haka. Riga biyu, hular sanyi, safar hannu, ga butar shayi da na'ana'a da nake rataya masa. Kafin ya kai rabin hanya ya cire rabin kayan ya cusa a jaka. Kullum sai na faɗa masa, kullum sai ya maimaita.

A cikin sanyin ne ake ruwan sama a nan. Ba ya daɗewa, amma in ya zo sai ya gangaro daga kan duwatsu ya bi tituna, ya kwaso duk tarkacen wuraren gine-gine ya baza a hanya. Kwana ɗaya bayan ruwan farko tayar baya ta sace. Ya tura keken zuwa wajen mai gyaran tayar mota, wanda suke kira banshar, aka yi masa faci a tsaitsaye. Bayan kwana biyu ta sake sacewa, aka sake yi mata faci. Tayar baya dai.

Tun a nan na gane. Muryarka na ji kamar kana zaune a gefena: "Faci biyu a wuri ɗaya ba laifin tif ba ne, ɓarawon yana cikin gida." Na tuna yadda ba ka taɓa mayar da tif ba sai ka zagaya cikin taya da yatsunka. Magana ɗaya zan yi masa ta wadatar. Amma 'yar mai shagon kayan motoci a ina ta san wannan? Na haɗiye. Na ce masa Allah Ya kiyaye gaba, na zuba masa abinci.

Karo na uku ranar Alhamis ne, ana yayyafi. Ya makara sosai, ma'aikata suka jiƙe a ƙofar ma'ajiya suna jiransa. Shugabansu ya ce in ya ƙara sau ɗaya zai karɓi makullin ya ba wani. Ranar ban ji ƙararrawa ba. Ya shigo da keken a hannu, ya jingine shi a soro, ya ce zai sayar ya koma jiran mota. Ya faɗa yana murmushi don kada in damu, amma na ga idonsa. Na dubi mutumin nan da bai taɓa ɓoye mini komai ba, na ga abin da shiruna yake shirin raba shi da shi.

Washegari Juma'a da hantsi ya hau sama gaishe da Ummi. Na jawo keken tsakiyar falo, na shimfiɗa tsohuwar leda, na kifa shi a kan sirdi. A ƙarƙashin sirdin akwai wani ɗan gwangwani da mutumin Maraɗin ya bari, da faci da sholisho a ciki, surukinka bai taɓa buɗe shi ba. Na ɗauko cokula biyu na ɓanɓare taya, na zaro tif, na ba shi iska, na tsoma shi a robar wanke-wanke. Baba, hannuna bai tambaye ni komai ba. Kumfa ta taso daidai gefen faci biyun da aka jera. Na sa yatsu a cikin tayar ina zagayawa a hankali yadda kake yi, sai na ji tsik. Wata 'yar waya ce, siririya kamar gashi, ta nutse a roba ba a ganinta ta waje. Na zare ta da matsefata. Jini ya ɗan fito a yatsana, na tsotse, na fashe da dariya ni kaɗai.

Na kankare wurin, na shafa sholisho, na zauna jira. Kakan ce sholisho ba ya son gaggawa, shi ya sa kake ba mai keke labari kafin ya sha iska. Ina cikin jiran nan ƙofa ta buɗe. Surukinka ne, riƙe da hannun Ummi, ya sauko da ita mu karya tare.

Ya tsaya yana kallona, hannuwana baƙi ƙirin, zanina a jiƙe. Ya ce, "Ya salam! A wane littafin kika karanta wannan?" Ka ga hanyar wata ƙaryar ta buɗe mini, da na ce e, da an yi dariya an wuce. Na miƙe tsaye. Na ce ba a littafi ba ne, a wajen mahaifina ne. Na ce ba ka taɓa mallakar shago ba, mai facin keke ne kai a bakin kasuwa, da shi ka ciyar da mu, da shi ka saya mini kowane littafi na farko da na karanta. Ina faɗa ina kuka, amma sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

Ummi ta zare hannunta daga na ɗanta. Ta juya ta hau benenta, tana dafa bango. Surukinka ya daɗe yana kallon 'yar wayar da na zaro daga tayar na ajiye a kan murfin gwangwani. Can ya tattare rigarsa ya zauna a ƙasa, ya ce, "To, usta, ni me zan riƙe?" Usta suke ce wa gwanin sana'a. Na ba shi famfo.

Kwana uku Ummi gaisuwa kawai take amsa mini. Na shiga damuwa, na ce shi ke nan, ta raina asalina. A rana ta huɗu ta aiko in hau. Na durƙusa a gabanta. Ta ce, "Ke, ba sana'ar ce ta ɓata mini rai ba, ubana ruwa yake ɗauka a kafaɗa yana kai wa gidajen alhazai. Shekara guda kin bar ni ina yi wa mai shagon motoci addu'a, ashe babu shi. Shi kuma bawan Allah na gaskiya ko sau ɗaya ban ambace shi ba." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Sannan ta nuna mini kujerarta mai taya, wadda ake tura ta a kai in za ta Harami saboda ciwon gwiwa. Wata biyu tayar hagu tana sacewa. Ta ce, "'Yar mai faci, duba mini wannan."

Na duba, Baba. Bawul ne kawai ya saki.

Yau mako shida ke nan tayar surukinka ba ta nemi iska ba. Makulli yana hannunsa. Sanyi ya fara ja da baya, yana ta lissafin safiyoyin da suka rage masa kafin zafi ya kore shi daga kan sirdi. Duk Juma'a da hantsi mukan kifa keken, ni in duba birki, shi ya goge sarƙa, yana tambayata labarinka. Ya ce in Allah Ya yarda zai yi maka Umra kafin azumi.

Shekaranjiya bayan la'asar muka tafi Harami mu uku, yana tura Ummi a kujerarta. Da muka iso inda ake hango Ka'aba sai ta ce a tsaya. Ta kamo hannuna ta tambaye ni sunanka, ta ce ba na takarda ba, wanda mutanen garinku suka san ka da shi. Ban taɓa kiran sunanka da bakina ba, ka san ba a haka ka rene mu ba. Amma na ɗaga murya a cikin jama'ar nan na ce Malam Habu Mai Faci. Ta ɗaga hannuwanta sama, ta faɗe shi cikakke, har da Mai Facin, ta daɗe tana roƙo. Mu muna amin.

Ka yafe mini, Baba.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Allah Ya saka maka da alheri a kan kowane matafiyi da ka mayar kan hanya, da waɗanda ka ce su tafi kawai don ka ga ba su da shi. Allah Ya tsare surukinka a hawa da gangara, Ya ƙara wa Ummi lafiya, Ya tara mu da kai a gidan Aljanna. Amin.

Taka har kullum,
'yarka Asma'u,
daga Utaibiyya, Makka.