Kitse a Hantar Babanku

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya aiki? Mu nan sai godiya, in ban da maganar Babanku. An yi masa hoton ciki saboda nauyin da yake ji a gefen dama, likita ya ce kitse ne ya taru masa a hanta, in ba a kula ba wata rana sai ta ƙandare ta daina aiki. Har da tambayarsa ko yana shan giya! Mutumin da ko warinta bai sani ba. Sai kuma ya juyo kaina, wai sau nawa yake cin abinci a rana. Na ce ban taɓa ƙirgawa ba, ni ba mai gadinsa ba ce.

Kin dai san shagon ɗinkinsa a jikin gida yake. Shayi da burodi da safe, ɗan soyayyen dankali da hantsi, ga na rana, ga lemon kwalba in zafi ya taso, da abin taɓawa da yamma. Ina laifi a nan? Ke da kike wuni kina leƙen hanta a ɗakin gwaje-gwaje, ki warware mini, don likitan nan magana yake kamar ana korarsa.

Allah ya yi miki albarka.
Ummanki

*

Zuwa ga Ummata,

Ina gaishe ki cikin ladabi, ina yi wa Baba sannu. Wasiƙarki ta tayar mini da hankali, amma abin yana da gyara in an tare shi da wuri.

Ga yadda yake. Hanta an gina ta ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma kowace ƙwaya tana share kanta. Takan tattara abin da ya lalace a cikinta, har da ɗigon kitse, ta naɗe a ’yar jaka, ta narkar, ta sake amfani da shi. Amma ba ta cika yin wannan shara ba sai abinci ya ɗan yanke, ko jiki ya motsa. In ci bai tsaya ba, musamman zaƙi, sai sharar ta yi sanyi, kitse ya taru. Kitsen kuma in ya yi yawa sai ya ƙara kashe sharar. Kamar shagon Baba ne, in masu kawo yadi ba su daina shigowa ba, yaushe zai kwashe ƙyallayen da ke ƙasa?

Gaskiya yawancin abin da muka gani da idonmu a jikin ɓeraye ne. Abin da aka tabbatar a mutane shi ne rage ƙiba, tafiya a ƙasa, da barin lemon kwalba. Ba yunwa za a sa masa ba. Ya ci nasa sau uku ya ƙoshi, a bar tsakanin haka nan. Umma, ciye-ciyen tsakanin nan su ne ke cutar da shi.

Ki huta lafiya.
’Yarki, Auta

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni ne Babanki. Kin san ba na rubutu, amma dole ta sa.

Ummanku ta karanta wasiƙarki a tsaye, ta ninke, ta ce ashe ita ce cutar. Tun ranar sai dai ta aiko mini da kwano, ko leƙo shagon ba ta yi. Ni kuma da ciki ya saba, sai na riƙa aikawa kanti a sayo mini biskit da lemo. Kin ga an gudu ba a tsira ba.

Akwai abin da ba ki sani ba, lokacin kina goye. Na yi wata doguwar jinya har na koma ƙashi da fata. Dangina, musamman Gwaggonku babba, suka ce Ummanku ba ta iya riƙon miji ba, a gabanta suka faɗa. Ummanku kuwa ita ta tashe ni da cokali. Tun daga nan in ta ga wuyana ya cika sai hankalinta ya kwanta. Wannan tumbin nawa shi ne amsar da ta ba su, yanzu kuma kin ce a rage shi.

Bayaninki na gane shi, na ƙyallayen nan ya shige ni. Amma ki kira ta. Kada ki yi mata maganar ɓeraye.

Na gode. (Wandon da kika ce a rage miki yana nan, ban manta ba.)
Babanki

*

Auta,

Ina gaishe ki. Na ji daɗin kiran da kika yi, ko da yake rabinsa kuka muka sha, ke da ni.

Watannin nan mun bi yadda kika ce. Lemo ya bar gidan nan. Da yamma mukan taka har bayan makaranta mu dawo, yana tafe yana mita wai ƙafar tela ta keken ɗinki ce. Likita ya sake gwada jininsa ya ce hantar ta fara sauƙi, hoton kuma sai nan gaba. Ya rame, Auta. Wuyan rigarsa har rawa yake.

Jiya Gwaggonku ta zo da ƙaton kwano na soyayyen nama da katan ɗin lemo. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce a gaban masu karɓar ɗinki, “Ashe har yau ba ki iya riƙon miji ba.” Babanku ya buɗe baki, na ce ya bari. Na ɗauki kayan na mayar mata cikin mota, na ce, “Yaya, an gode, ya riga ya ci, sai kuma anjima.”

Na shiga kicin na yi kukana ya ishe ni. Su faɗi abin da za su faɗa, ni dai ina son in tsufa da shi.

Ki kula da kanki, ki kuma ci abinci.
Ummanki