Ambulan a Bayan Akwatin Haruffa

Seoul, 9 ga Nuwamba

Maman Hye-won,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki, yaya sanyin Busan? Ki gaida Hye-won da yaranta, ki ce musu kakansu na nan yana ƙona shinkafa kullum.

Kin san tun da aka mai da tsohon ginin jaridarmu gidan tarihi nake yi musu tsiya. Injin da ya cinye wa abokina Tak yatsu biyu, shi aka kewaye da jar igiya ana ɗaukar hoto. To, shekaranjiya dariya ta ƙare mini. Masu gyara sun janye akwatin haruffan dalma da muke buga jarida da su, na hawa na uku, inda na yi shekara ashirin da shida a tsaye, suka tsinci ambulan a bayansa. Matar da ke kula da kayan ta tare ni a ƙofa, ta ce, "Baba Ku, Pak Jong-rye ba mai ɗakinka ba ce? Ashe marubuciya kake ɓoye mana a gida!"

Labarinki ne, na gasar rubutu da jaridarmu ta shirya a sabuwar shekara ta 1979. Ni kika ba in miƙa, tunda can nake aiki. Na karanta shi a bas. Sau biyar ina shiga gasar nan ina faɗuwa, kuma tun a shafi na uku na san kin fi ni. Hassada ce kawai. Na tura shi bayan akwatin.

Ranar da aka buga sakamako kika bar miya a wuta, kika bi jaridar shafi-shafi har sau biyu. Kika ce, "Dama karambani ne irin nawa." Ba ki sake rubuta komai ba. Ni kuwa har ƙarin miya na nema.

Masu gidan tarihin suna so su sa labarin a gilashi, ranar Alhamis za su kira ki neman izini. Ba don haka ba, da wataƙila na mutu da maganar, kuma wannan ma kunyarsa nake ji.

Ba ni da bakin neman yafiya. Ina dai so ki fara ji daga gare ni: ba faɗuwa kika yi ba, Jong-rye. Babu alƙalin gasar da ya taɓa ganin labarinki.

Ki huta lafiya.

Mijinki,
Ku Man-sik