Falmaran a Ƙarƙashin Sirdi

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da maigidanki da yara. Ya ciwon bayan nan da kika ce ya matsa miki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiyarmu ƙalau, sai dai raina a ɓace yake, shi ya sa na ɗauki biro na bar waya. In na kira ki faɗa zan yi ta yi, ki kasa kama kan zancen.

Maganar Baba ce da dokinsa Akawal. Kin san tun da ya bar aikin barga, Akawal ne ofishinsa, shi ne kuma majalisarsa, balle bayan rasuwar Inna. Kullum bayan la'asar sai ya ɗaura sirdi ya tafi kilisa filin ciyawar nan na bayan gada, ba ya juyowa sai almuru, wai da rana zafi da ƙuda suna damun dokin. Abin da ba ki sani ba, hanyar da kika bari ba ita ba ce yanzu. An faɗaɗa ta, an shimfiɗa kwalta, motoci gudu suke kamar an biyo su, kuma ko fitilar titi ɗaya ba a kafa ba. To ki auna da kanki: doki baƙi ƙirin, mai shi cikin shuɗiyar rigar nan mai duhu da ba ya rabuwa da ita, ga kuma duhun magariba.

Shekaranjiya ina shago ina kan keken ɗinki, wani direban tifa ya leƙo yana tambaya ko ni ce 'yar tsohon nan mai doki. Ƙato ne, ya kusa cike ƙofa. Ya ce a kwanar bayan gada bai ga komai ba sai da likkafa ta yi walƙiya dab da gaban motarsa. Ya ce da akwai wata mota tafe a ɗaya hannun lokacin da ya kauce, da yanzu zaman makoki muke. Ya roƙe ni don Allah in yi wa Baba magana, ya ce shi ma yana da uba. 

Na rufe shago na tafi kasuwa na sayo falmaran irin ta masu aikin hanya, ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido, da layuka masu ƙyalli in fitila ta hau su. Na kai masa har turke. Da yatsa biyu ya ɗaga ta kamar wanda ya tsinci mushen ɓera, ya tambaye ni ko aikin sharar titi na samo masa. Wai shi yana kan sirdi tun ba a haifi direbobin nan ba. Wai tun daga nesa yake hango fitilarsu, kuma in sun matso yana ɗaga musu hannu.

Hannun nan shi ne ya fi ƙona min rai. Kin tuna a da, in ya ɗaga hannu kowace mota rage gudu take, direba ya leƙo ya gaishe shi, don kowa ya san shi. To har yau a kan wannan yake. Ya ɗauka tunda shi yana ganinsu, su ma suna ganinsa. Na ce masa hannu a cikin duhu ba ya tsayar da ko keke, ya ce in je in ji da ɗinkina.

Ke ce babba, ke yake jin kunya. Don girman Allah ki kira shi, kada mu wayi gari a ce mota ta bi ta kan ubanmu saboda riga. Ki gaishe min da yara.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fatan kina lafiya, kuma ƙaramin naki ya warware daga murar. Na gode da kiran da kika yi wa Baba. Na ji kin yi masa kuka, ya kuma yi miki alkawari. To bari ki ji abin da ya yi da alkawarin naki.

Rana ɗaya ya sa ta. Ni da kaina na ɗaura masa, na tsaya a ƙofar gida ina kallonsa har ya sha kwana, kuma wallahi daga can ƙarshen layi ana hango shi. Ashe ta gaban tsofaffin nan masu zaman benci a ƙofar shagon aski ya bi. Mutanen da ko keke ba sa iya hawa yanzu, su ne suka miƙe suna sara masa, suna cewa ga mai ba da hannu ya iso. Wanzamin ma har da tambayarsa ko zai duba masa lasin. Su sun yi dariyarsu sun koma kan bencinsu, ba mota ke bin ta kan benci ba.

Washegari na tambaye shi falmaran, ya ce tana tare da shi duk inda ya je. Na yarda, don Baba ba ya ƙarya. Sai ran Lahadi na kai masa wankinsa, na tarar yana kwance sirdi. Yana ɗagawa sai ga ta a ninke a bayan Akawal, ta jiƙe sharkaf da gumi, gashi duk ya manne mata. Ko kunya bai ji ba. Ya ce sirdin ya fara goge wa dokin baya, ita kuma falmaran ɗin laushi ne da ita, ta zauna daidai. Har da sa min albarka, wai na iya zaɓen yadi.

Yaya, ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na ce bayan doki ya fi ransa ke nan, ya fi mu. Ya ci gaba da taje gezar dokinsa.

Ban haƙura ba. Da almuru na sa maigidana ya kafa babur ɗinsa a bakin layi ya kunna fitila, na tsayar da Baba kusa da shi, ni kuma na yafa baƙin mayafi na koma can nesa na tsaya ina ɗaga hannu, don Baba ya ga abin da direba yake gani. Da na dawo na tambaye shi ko ya gan ni. Ya ce sarai ya gan ni, yaya za a yi ya kasa gane 'yar da ya haifa. Maigidana, wanda ya rantse min ko inuwata bai hango ba, sai ya sunkuyar da kai yana gyaran murya, wai ba zai ƙaryata surukinsa ba. Haka na kwaso mayafina na dawo gida, yaran layi suna yi min dariya.

Yanzu kullum in an kira magariba ba na iya taka keke. Kunnena na kan titi har sai na ji ƙarar kofato ta wuce ta bayan shago. Na gaji, kuma haushinsa nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Ki ƙara kiransa, ko da yake na san abin da zai ce miki: tana tare da shi.

Taki,
Auta


Yaya,

Ina gaishe ki, ina fatan kuna lafiya. Ki kwantar da hankalinki kafin ki karanta: Baba yana raye, yana tafiya da ƙafarsa. Na san maigidana ya gaya miki a waya, amma shi komai a dunƙule yake faɗa.

A kwanar bayan gadar nan ce dai. Wata motar raba burodi ta taho ta bayansu. Baba ya ji ta, ya hango haskenta a kan kwalta, ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba. Gefen motar ya daki Akawal a cinyar baya, madubin ya yage shi. Dokin ya zabura, Baba ya faɗa cikin kwata. Targaɗe ya samu a wuyan hannu, da ƙujewa a goshi da kafaɗa. Wannan hannun dai da yake ɗagawa, shi ne yanzu a naɗe.

Na isa wurin da niyyar in ci mutuncin direban, don gudu yake, ba na ko tantama. Na same shi zaune a bakin kwalta ya haɗa kai da gwiwa, yana ta maimaita cewa bai ga komai ba, sai ƙara ya ji. Na fasa zaginsa. Na waiga na dubi inda abin ya faru, ni kaina da nake tsaye a ƙasa ban iya rarrabe dokin da duhu ba sai da aka haska tocila.

Baba kuwa ko ta kansa bai bi ba. Jini na zuba a goshinsa, shi yana durƙushe ya danne raunin dokin da rigarsa. Ya ƙi shiga mota zuwa asibiti sai da likitan dabbobi ya zo ya ɗinke cinyar. Da aka sauke sirdi, ga falmaran ɗina nan a ninke. Mai tocila ya haska ta, ta ɗauki ido har mutane suka kare fuska.  Baba ya dube ni, kuma ya san abin da ke raina.

Abin da ke tafasa min zuciya yanzu masu zuwa dubiya ne. Tsofaffin bencin nan su ne a sahun gaba, sun cika tabarma suna cewa tsautsayi ne, abin da Allah ya rubuta. Ban musa ba, amma ai ba a rubuta musu su yi wa mutum dariya don ya kare ransa ba. Na ajiye musu ruwa da ƙarfi har ya fantsama a rigar wanzami, ban kuma ba shi haƙuri ba.

Likita ya ce Akawal zai tashi, amma hawa kam ya ƙare. Baba bai ci abinci ba tun jiya. Yana can turke a zaune yana kore masa ƙuda da hannunsa mai lafiya. Ki yi mana addu'a.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙoƙari? Saƙon maganin shafawar da kika aiko ya iso, kumburin hannun Baba ya saɓe, an kwance naɗin. Yana gaishe ki, ko da yake ya ce kin cika kuka a waya.

Raunin Akawal ya kame, sai dai ɗingishi. Likita ya ce dole a riƙa jansa yana takawa kullum a wuri mai shimfiɗa, in ba haka ba ƙafar za ta sage. Kin san layinmu duk rami ne da duwatsu. Wurin da ke shimfiɗe ɗaya ne, gefen kwaltar nan. Kuma har yanzu Baba ya ce da rana akwai ƙuda, za su dami raunin. Da na ji haka na ce shi ke nan, mun koma gidan jiya.

Ran Talata da hantsi ina yankan yadi sai na ga mutum ya tsaya a ƙofar shago. Baba ne, wanda tun da na buɗe wurin nan bai taɓa takowa ba. Ya ajiye ƙunshi a kan tebur. Falmaran ce, ya wanke ta da kansa, amma har yanzu warin doki take. Bai dubi idona ba. Ya ce, "Ki buɗa ta ta hau kan babbar riga. Ki ƙara mata layukan nan masu ƙyalli a baya, kada ki yi rowa."

Na tambaye shi ko bai ji tsoron a ce masa mai ba da hannu ba. Ya ce su ce. Ya ce Akawal ba zai iya zabura ya kauce ba yanzu, dole a hango su tun daga nesa.

Na ɗinka. Na farke ta, na ƙara yadi, na jera mata layuka gaba da baya har ba wurin sa allura. Ragowar na yi wa dokin maɗauri a ƙafafu da jela. Ina taka keke ina hawaye, kuma ba na daɗi ba ne zalla. Na roƙe shi, kin yi masa kuka, direban tifa ya zo har shago, na tsaya a titi kamar mahaukaciya yara suna min dariya, duk ba mu isa ba. Mu da ya haifa ba mu isa ya sa riga ba, doki ne ya isa. Wannan ba zan daina jin haushinsa ba, ko me za ki ce min.

Jiya da almuru na bi bayansu ban bari ya sani ba. Ta gaban shagon aski suka wuce, ya yi musu sallama kansa a sama, ba wanda ya yi ko tari. Da suka hau titi sai na ga ya sauya hannun da ya riƙe ragama. Ya tura Akawal can gefen ciyawa, shi ya koma ɓangaren motoci, ya sa jikinsa tsakaninsu da dokin. Wata tifa ta taho, fitilarta ta hau falmaran da ke bayansa tun daga gada, na ji ta rage gudu, ta ratse ta ba su wuri. Bai ko ɗaga hannu ba.

Na juyo gida. Yau da aka kira magariba ina kan keke, sai da na gama haɗa hannun riga sannan na tuna ban saurari ƙarar kofato ba.

In za ki zo hutun yara, ki taho min da irin layukan nan masu ƙyalli, na nan sun ƙare. Ya ce hularsa ma yana so a sa mata.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta