A Ɗebo Mini Ruwan Rijiyar Lambu

Zuwa ga ƙanena Muntaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Mu nan Laurel alhamdu lillahi, sai gwiwa da ba ta shiri da sanyin ƙasar nan. 'Yarka Furera tana gaishe ka. 'Yarta Radiyya ce ke rubuta mini, na kuwa gargaɗe ta kada ta tausasa ko kalma ɗaya.

Muntaka, ba ka manta yadda na rabu da lambuna ba. Dabo, ɗan baffanmu, ya kafa majemarsa a saman rafi, ya saki ruwan nan mai wari, latas ya ƙone, rijiya ta koma kore, matata marigayiya Mairo ta yi ta susar hannu har jini. Da na kai ƙara gaban mai unguwa, Dabo ya ce in kawo takardar masana, wai wanda bai iya rubuta sunansa ba ina ya san sinadari. Aka yi dariya. Kai ma ka sunkuyar da kai, na gan ka. Har yau dariyar nan tana kunnena.

To, Allah ya kawo mini masaniya har cikin gida. Radiyya tana kwalejin nan ta shekara biyu da ke kusa da mu, kuma ilmin sinadaran take karantawa. Rannan ta dawo da farar riga da tabarau irin na masu walda, ta ce sun auna ruwan wani rafi sun gano abin da aka zuba masa. Na ce ta maimaita. Ta ce in ta gama tana iya aiki a kamfanin magani a garin Gaithersburg da ke kusa da nan, ko wurin masu duba abinci, ko hukumar ruwa. Na ce ruwa, kuma magana ta ƙare.

Sai ubanta Kamal ya tsoma baki, wai ta koma karatun nas kafin zangon nan ya fita, nan ne aiki ke jiran mutum. Na ce masa nas sun cika garin nan, ni mai auna ruwa nake nema. Ya ce, wai da ladabi, ba za a ɗora wa yarinya rigimar da ta girme ta ba. Tun ranar na daina shiga motarsa zuwa Juma'a, bas nake bi da gwiwar tawa. Ita kuwa ta ce ba don ni ta zaɓa ba, dama can tana so. Ta faɗi abin da ta ga dama, jinina ne.

Ga abin da nake so. Ka sami kwalba mai tsabta ka ɗebo ruwan rijiyar, ka toshe da kyau, ka ba ƙanwarmu Sailuba in za ta taso zuwa nan, ta sa a babbar jaka. Radiyya ta ajiye biro yanzu tana cewa kwalba ɗaya ba hujja ba ce, kuma malamarsu ba lallai ta yarda ba. Na ce ta rubuta kawai. In ɗaya ba ta isa ba, rijiyar ba ta ƙafe ba. Ba diyya nake nema ba, lambu ya riga ya mutu. So nake a tara mutanen da suka yi dariya, jikar jahilin ta karanta musu sunan gubar da Turanci, ta fassara da Hausa.

Ka gaishe mini da Najiba da Fahad da sauran yara, da liman. Dabo kuwa kada ka kai masa gaisuwata. In ya tambaya, ka ɗebo masa moɗa ɗaya daga rijiyar. Ranar da ya shanye, ni zan fara gaishe shi.

Yayanka,
Ɗanjuma Mai Lambu