Farin Yadin Bab Makka

Yaya Abduljalil,

Na tafi asibiti, Latifatu maƙwabciyarmu za ta kai ni. Kana barci, ban tashe ka ba.

Katin bankina yana ƙarƙashin wayarka. Don Allah ka canza lambar sirrin yau, kada ka faɗa mini sabuwar ko da na yi kuka.

Ka yafe mini, kuɗin tallafina na watan nan sun ƙare, har da na magani. Tunda na daina shan ƙwayoyina, muryar marigayiya Umma ta dawo. Jiya ta ce in je kasuwar Bab Makka in sayo farin yadin likkafani. Mai shagon yana ganina ya ce, "Hajiya, wata rasuwar aka sake yi? Ai shekaranjiya ma kin saya." Wallahi Yaya ban tuna ba.

Da na dawo na buɗe durowata, sai ga su a jere, an yanka an ninke, har da turare. Irin ninkin Umma ne, ni ban iya shi ba.

Ka fitar da su kafin in dawo. Har yanzu ba ta ce na wane ne ba, ni kuma ina tsoron tambayarta.

Mastura