Ƙarar Dutsen Washi

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahama. Na san babu mai kai maka wannan takarda. Tambaya ce ta tsaya mini a wuya, kuma ban san wanda zan yi wa ita ba sai kai.

Inna tana nan lafiya, sai dai ciwon gwiwa. Ƙanwata Hadiza ta ce lokon Zariya, wurin gyaran jirgin ƙasa inda ka ƙarar da ƙuruciyarka, ciyawa ta cinye rabinsa. Jikokinka a nan Bronx suna jin Hausa, amma da Turanci suke mayar mini da amsa. Na gaji da faɗa a kai.

Kai da kake mamakin yadda jirgi zai tafi ba kwal ba hayaƙi, da ka zo ka gani. Layin dogo uku ne a nan, na ukun shi ke ɗauke da lantarki, jirgin yana shafarsa yana tafiya. Ogan shagonmu, wani dattijo, ya ce tun zamanin kakansa aka koma haka, don hayaƙi yakan cika ramin ƙarƙashin ƙasa har direba ya kasa ganin fitilar tsayawa. Mu aikinmu gyaran injinan waɗannan jiragen. Ni ke wasa sandar injin har ta yi sumul, kuskuren da bai kai kaurin gashi ba ma sai a dawo mini da ita. Garin nan ya cinye mini shekara goma sha tara bai taɓa ce mini sannu ba, amma ba zan yi musu ƙarya ba, sun san ƙarfe.

Ka tuna yadda kake rataye sabon dutsen washi a yatsa, ka ƙwanƙwasa shi da ƙotar guduma, ka karkata kai kana saurare? Ni camfi na ɗauka. Ashe a nan doka ce a rubuce. Lafiyayyen dutse yana amsawa kamar ƙararrawa, mai tsaga a ciki muryarsa a dushe take, kuma in aka ɗora shi a inji ya ɗau gudun juyawa, tarwatsewa yake yi kamar harsashi. Wa ya koya maka? Bature ne, ko kunnenka ne kawai?

Baba, kunnena ya fara tafiya. Matata Rabi ce ta fara lura, ta ce rediyona yana damun maƙwabta. Likita ya gwada ni, ya ce siririyar ƙara ce ta ɓace mini, kuma ba za ta dawo ba. Wata biyu ke nan ina ƙwanƙwasa dutse, ina karkata kai, ina gyaɗawa kamar na ji. Ban ji komai ba. Injin da ke daura da nawa na Yusufu ne, mutumin Maraɗi, mai 'ya'ya huɗu. In dutsena ya fashe, shi zai fara samu. Kullum yana tsokanata wai 'yan Najeriya ba ma amsa sallama sai an yi sau biyu, ni kuma ina dariya.

Shekarar da ka bar teburin washi ka koma gadin ƙofar loko, na ji kunya a gaban abokaina. Na faɗa a tsakar gida, Inna tana zaune, cewa zuciyarka ce ta mutu. Ba ka tanka ba. Shekara da shekaru ina ɗauka haƙuri ne. Yanzu ina tunanin ko ma ba ka ji ni ba. In ka ji, ka yafe mini. In ba ka ji ba, to ga shi na faɗa maka da kaina.

Takardar likitan tana aljihun rigar aikina. Ran Litinin zan miƙa wa oga kafin in taɓa inji. Ban san inda za su ajiye ni ba, kuma a shekaruna ba a fara sabuwar sana'a a garin nan. Raina bai so, ba zan ɓoye maka ba.

Abin da nake son sani shi ne, kai ka je ka faɗa musu da bakinka cewa kunnenka ya tafi, ko sai da dutse ya fashe a kan wani? Na tambayi Inna a waya, ta ce ba ka taɓa ba ta labarin ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka.

Ɗanka,
Sani