Gonar Marigayi Gado da Taswira Ta Mayar Daji

Daga: Rakiya, matar marigayi Gado,
Shiyyar Yamma, Alelu.
13 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Shata Iyakar Daji da Wuraren Kiwo,
Jega.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SANYA GONARMU CIKIN DAJIN GWAMNATI BISA KUSKURE

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni tsohuwa ce, karatuna na yaƙi da jahilci ne, a yi haƙuri da rubutun. Ga kukana:

1. Ranar 6 ga Maris, ma'aikatanku sunka zo da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, wai za a san ina noma yake, ina kiwo, ina daji. Ni na dama masu fura. Dogon cikinsu ya sha ƙwarya biyu, har na ba shi labarin garin duka kyauta, amma ko sau ɗaya bai tambaye ni gonar wa ce ba.

2. Ranar 22 ga Afrilu anka kafa turakun siminti, gonarmu ta faɗa cikin daji. Da na tambaya, anka ce a hoto ta fito kore shar, don haka daji ce.

3. Ranka ya daɗe, itatuwan gawo ne. Da rani suke ganye, da damina su kaɗe, gero ya tashi ƙarƙashinsu. Gado bai taɓa sare ko ɗan tsiro ba, sai ya kewaye shi da ƙaya, don shanunmu su samu inuwa da ɗiyan gawo lokacin da ciyawa ta ƙare. Haka ya yi har ƙarfinsa ya ƙare.

4. Ba tsegumi nake ba, amma Almu maƙwabcinmu ya sare nasa kaf ya kai wa masu gashin nama a Jega, kowa ya sani, matarsa ma ta faɗa min. Gonarsa ta fito fili a hoto, an bar masa abinsa. Mu da munka raini itace, mu anka kora.

5. Yanzu malamin daji ya hana shanun shiga. Da yamma sai su tsaya bakin turakun suna kuka, suna kallon inuwar da sunka saba. Tsohuwar saniyar da Gado ya bar min ta kwanta makon jiya, ba ta tashi ba.

Don haka ina roƙo cikin ladabi a cire turakun kafin ruwan shuka, don iri na nan ɗaure. In kuma sai an sake hoto, a dawo da jirgin tsakiyar damina. Amma in ba a bar ni na shuka ba, hoton nan ma ba zai ga gero ba, sai ciyawa, a ƙara cewa daji ne.

Almu ya ba ni shawarar in sa gatari in huta. Ba zan iya ba. Ƙarƙashin babban gawon nake zama in ina son tuna mai gidana.

Allah ya ƙara girma, ya sa a duba.

Taku mai biyayya,
Rakiya Gado